Zare: tarihin halittun da suka zurare ta idon raga 🧵

1/ Shekaranjiya na tsaya wajen mai kifin ƙanƙara ina jiran ya yanka min titus, sai idona ya faɗa kan kwalin da ya ciro shi. An rubuta ƙasar da aka kamo shi: Nowe. Na dawo gida ina ta tunani, shi wannan kifin me yake ci a can? Neman amsar ya jefa ni cikin tarihin shekara fiye da 130. Ku gyara zama, zaren yau da tsawo.

2/ Da yawa daga titus da shawa da muke saya a ƙanƙara daga arewa maso gabashin Atilantika ake kamo su, har da Tekun Arewa. Ba Arewarmu ba fa 😅. Teku ne marar zurfi sosai, tsakanin Birtaniya, Nowe, Denmak, Jamus da Holan. A nan yawancin labarinmu zai faru.

3/ Teku ma yana da ciyawarsa. Wasu tsirrai ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, ido ba ya ganinsu, suna shawagi a saman ruwa suna haɗa abinci da hasken rana. Akwai masu cin wannan ciyawar, akwai masu cin masu cin ta, har a kai ga kifin da ke cikin miyarka. Duk abin da ke shawagi haka, ruwa na jan sa, shi ake kira filankiton.

4/ Waɗanda nake son mu yi magana a kansu su ne mafi ƙanƙanta cikin masu cin ciyawar. Girmansu daga maikuromita 20 zuwa 200. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Wato da yawansu ba su kai kaurin silin gashin kanka ba. Sunansu na kimiyya yana karya harshe, don haka a zaren nan zan riƙa ce musu ƙananan maciya.

5/ Iri-iri ne. Akwai masu gashi kewaye da jiki, da shi suke iyo suna kaɗo abinci baki. Akwai masu bulala biyu da suke kaɗawa su yi gaba. Cikin masu gashin wasu na gina wa kansu ɗan kwanso kamar ƙararrawa, amma yawancinsu tsirara suke, da ka ɗan matsa su sun fashe. Ku riƙe maganar fashewar nan, za ta dawo.

6/ Tambayar da masana ke yi yau ita ce: ya al'ummar waɗannan halittu ke canzawa a tekunan gaɓa, daga shekara zuwa shekara? Su wa ke ƙaruwa, su wa ke ɓacewa? Amsar ta yi wuya saboda dalili guda: kusan ƙarni guda ana ƙirga halittun teku da kayan aikin da ba sa kama su.

7/ Abin ya faro daga Kiel, wani gari a bakin Tekun Baltik a Jamus. Akwai farfesa Victor Hensen, masanin aikin sassan jiki, har yau akwai wasu ƙwayoyi a cikin kunne masu sunansa. Halin masuntan yankin ya dame shi. Yana son sanin kifi nawa teku zai iya ciyarwa.

8/ Lissafinsa irin na makiyayi ne: in ka san ciyawar da fili ke fitarwa, ka san shanu nawa zai ɗauka. A 1887 ya shigo da kalmar filankiton daga Girkanci, ma'anarta kusan "mai gantali". Ya ƙera raga ta siliki mai tace ruwan da aka san yawansa, a zauna a ƙirga abin da ta kama ɗaya bayan ɗaya. A 1889 ya jagoranci jirgin ruwa mai suna National ya zaga Atilantika yana wannan aikin.

9/ Ba kowa ya yaba ba. A 1890 shahararren masanin halittu Ernst Haeckel ya yi masa raddi mai zafi, yana ganin ƙidayar nan wahalar banza ce, tun da halittun ba a baje suke daidai a teku ba. Hensen ya mayar masa da martani. Kun ga raddi ba a intanet aka fara shi ba 😂.

10/ Amma wanda ya gano babbar ɓarakar ɗan gida ne, Hans Lohmann, shi ma a Kiel yake. A tekun Sisili ya lura da wata 'yar halitta mai suna Oikopleura, wadda ke gina wa kanta gida na majina, a ciki akwai matata da ta fi duk silikin ɗan Adam ƙananan idanu. Da ya duba matatar a madubin likita, sai ya tarar da halittun da ragar Hensen ba ta kamawa.

11/ Ikon Allah. Wata halitta da ba ta kai farce ba ita ta nuna wa farfesoshi cewa ragarsu na yoyo.

12/ Lohmann ya koma mashigin ruwan Kiel, kusa da ƙauyen Laboe, ya shafe sama da shekara yana ɗibar ruwa mako-mako. Ya tace wani da raga, wani da takarda, wani kuma ya sa a na'ura mai juya kwalba da gudu har komai ya kwanta a gindi. A 1908 ya wallafa sakamako: raga na zubar da kaso mai yawa na rayuwar da ke cikin ruwa. Ɗaya daga masu gashin da ya gano ya raɗa mata Laboea, sunan ƙauyen.

13/ Za ku ce shi ke nan, kowa ya juya ya bi Lohmann. Ina! Hanyarsa na cin lokaci, halittun na fashewa kafin a gama ƙirga, ga shi masu ba da kuɗi kifi ne damuwarsu. Idan aka farke cikin kifi, abin da ake gani shi ne wasu 'yan ƙananan dangin jatan lande da ake kira kofifod, babbansu bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Sai hankali ya koma kansu.

14/ Nan Alister Hardy ya shigo. Matashi ne ɗan Ingila da ya fara aiki a ɗakin binciken kifi na Lowestoft a farkon shekarun 1920, yana farke cikin shawa yana duba me suka ci. Ya lura filankiton tsibi-tsibi yake a teku: ka jefa raga nan ta cika, ka matsa kaɗan babu komai. To ta ya za ka auna teku guda da jefa raga nan da can?

15/ Dabarar da ya fito da ita tana burge ni har yanzu. Wani akwatin ƙarfe ne, tsawonsa kamar mita ɗaya, jirgi na jan sa a baya a zurfin da bai wuce mita 10 ba. A gaba akwai 'yar ƙofa mai faɗin santimita 1.27. Ruwa na shiga ya ratsa ta ƙyallen siliki, filankiton ya maƙale.

16/ A bayan akwatin akwai farfela da gudun ruwa ke juyawa, ita ke naɗe silikin a hankali kamar kaset. Wani silikin ya rufe na farko, su naɗe tare cikin tankin fomalin don kada su ruɓe. Babu batir, babu inji. A ɗakin bincike sai a warware, a yanka gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa na wakiltar mil 10 na teku.

17/ Mafi daɗin dabarar: ba sai an yi hayar jirgin bincike ba. Jiragen kasuwa da ke zirga-zirgarsu ake roƙa su ja akwatin. A watan Satumba na 1931 jirgin Albatross ya ja shi daga Hull zuwa Bremen. In ban da hutun Yaƙin Duniya na Biyu, ana aikin har yau, da siliki iri ɗaya da tsari kusan iri ɗaya. Har ya shiga kundin Guinness, bayan an ja akwatunan sama da mil miliyan 7.

18/ To ga inda gizo ke saƙar. Idon silikin Hardy maikuromita 270 ne. Ƙananan maciya kuwa 20 zuwa 200. Masu kwanso da masu sulke kan maƙale a zaren silikin, a gan su. Marasa kwanso kuwa ko su zurare ko su fashe. Kundin tarihin teku mafi tsawo da muke da shi, a kansu kusan makaho ne.

19/ Kafin mu ci gaba, ga darasi daga Plymouth a kudancin Ingila. Tun 1924 Frederick Russell ke ɗibar filankiton a kai a kai a wajen garin. A shekarun 1930 ya ga wasu nau'o'i sun ja baya wasu sun maye gurbinsu, 'ya'yan kifi sun ragu, sana'ar kamun shawa ta garin ta durƙushe. Wajen ƙarshen shekarun 1960 abubuwa da dama suka fara komawa yadda suke.

20/ Wato canji a teku na iya ɗaukar shekara 30 ya tafi, ya sake dawowa. Wanda ya auna shekara uku kacal zai rantse ya ga ƙarshen duniya, ko ya rantse babu abin da ke faruwa. Dukansu ba su ga komai ba.

21/ Sai a shekarun 1970 aka waiwayi maganar Lohmann da gaske. Kayan aiki sun inganta. Ana ɗibar ruwa a kwalba ba tare da raga ba, a ɗiga masa aidin ya kashe halittun bai fasa su ba, a bari su kwanta, a leƙo su ta ƙasa da madubin da Hans Utermöhl ya tsara. A 1974 Lawrence Pomeroy na Amurka ya rubuta cewa hoton da ake koyarwa na ciyawa, kofifod, kifi ya bar mafi yawan labarin a waje.

22/ A 1983 Farooq Azam, haifaffen Lahore, da Tom Fenchel na Denmak da abokan aikinsu suka fayyace zancen. Tsirran teku na zubar da wani ɓangare na abincin da suka haɗa cikin ruwa. Bakteriya su sha. 'Yan mitsi-mitsin masu bulala su ci bakteriya. Masu gashi su ci masu bulala. Kofifod su ci masu gashi. Abin da aka ɗauka ya salwanta ashe yana dawowa ta ƙofar baya.

23/ Saura a auna yawan cinsu. A 1982 Michael Landry da Patrick Hassett suka kawo dabara mai sauƙi: ka sirka ruwan teku da wanda aka tace tas, mataki-mataki. Duk inda sirki ya yi yawa, maciya na wahalar haɗuwa da abincinsu, ciyawa ta samu sarari ta yaɗu. Bambancin da ke tsakanin kwalaben shi ke gaya maka nawa ake cinyewa a rana.

24/ A 2004 Albert Calbet da Landry suka tattara ɗaruruwan irin wannan gwaji daga tekunan duniya. Sakamako: ƙananan maciya na cinye kusan kashi 67 cikin 100 na abin da tsirran teku ke samarwa kullum. A ruwan gaɓa kusan kashi 60. Tirƙashi! Shekara da shekaru ana ƙirga shanu, ashe fara ce ke cinye yawancin ciyawar.

25/ Yanzu ku dubi yadda lokaci ya yi wasa da mutane. Daidai shekarun da ake gano muhimmancinsu, a Birtaniya aka shiga tsuke bakin aljihu. Aka fara kallon awon shekara da shekaru a matsayin aikin maimaici marar sabon abu. A ƙarshen shekarun 1980 aka dakatar da tsofaffin awon Plymouth, aka janye kuɗin aikin akwatin Hardy, saura ƙiris a rufe shi gaba ɗaya.

26/ Masana daga ƙasashe daban-daban suka yi ta kai gwauro su kai mari, a 1990 aka kafa gidauniya da sunan Hardy ta riƙe aikin. Abin da ba wanda ya sani a lokacin: a daidai waɗannan shekarun, wajen 1988, Tekun Arewa ke juyawa irin juyin da ba a taɓa rubuta kamarsa ba. Da an rufe, da an kashe fitila ana tsakiyar abin.

27/ Me silikin ya nuna? Na farko, launinsa. An daɗe ana duba koren da silikin ya yi a rubuta. Daga tsakiyar shekarun 1980 koren ya ƙaru sosai, kuma ya riƙa daɗewa a cikin shekara. Ruwan ya ɗumama, ruwan Atilantika mai ɗumi ya ƙara kwararowa ciki.

28/ Na biyu, kofifod. Akwai nau'i biyu masu kama da juna kamar Hassan da Husaini. Calanus finmarchicus ɗan ruwan sanyi ne, mai kitse, yana yawaita bayan hunturu. Calanus helgolandicus ɗan ruwan ɗumi ne, kitsensa bai kai ba, kuma sai can gaba a shekara yake yawaita. Na farkon ya ja baya, na biyun ya ƙaru.

29/ A 2002 Grégory Beaugrand da abokansa suka nuna cewa cikin kusan shekara 40, kofifod na ruwan ɗumi sun matsa arewa da kimanin kilomita 1,000. A 2003 suka danganta wannan da raguwar 'ya'yan kifin kod da ke tsira: suna ƙyanƙyashewa a lokacin da suka saba, su tarar abincin da suka dogara da shi ya yi ƙaranci.

30/ A yi adalci dai: ba filankiton kaɗai ba ne. Kamun wuce gona da iri ya yi ɓarna babba, har sai da aka rufe kamun shawa a Tekun Arewa a 1977 na wasu shekaru. Matsalar ita ce idan abu biyun suka haɗu. Kifin da taru ya rage, ga 'ya'yansa ba abinci, farfaɗowa sai ta yi wuya.

31/ To ina ƙananan maciyanmu a wannan juyin? Nan tarihin ya zama kamar littafin da gara ta ci. Abin da ya tsira shi ne labarin masu sulke. A 2004 Martin Edwards da Anthony Richardson suka duba bayanan 1958 zuwa 2002: lokacin da masu bulala ke kai ƙololuwa ya matso gaba da kusan kwana 23, na kofifod da kusan kwana 10, amma hudar ciyawar bayan hunturu kusan tana nan inda take.

32/ Ku kwatanta da gida: mai girki bai canza lokacinsa ba, amma masu ci kowa ya canza lokacin zuwansa, kuma ba tare suka canza ba. Wani ya zo tukunya ba ta nuna ba, wani ya zo an kankare. A 2012 wani nazarin na bayanan shekara 50 ya ƙara nuna masu bulala sun ragu sosai a yankin, yayin da dayatom, tsirrai masu kwanson gilashi, suka ƙaru.

33/ Marasa kwanso fa? Su sai tashoshin da ke ɗibar ruwa a kwalba. A tsibirin Helgoland na Jamus, tun 1962 ake fita da kwalekwale kowace ranar aiki a ɗebo ruwa a wuri guda. A Plymouth an buɗe sabon awo na mako-mako a 1988, a tashar da ake kira L4, daga 1992 ake ƙirga har da masu gashi. Shekara 30 da ɗoriya ke nan. In kun tuna darasin Russell, zagaye ɗaya kacal.

34/ Inda tarihi ya gaza, sai gwaji. An lura cewa sanyi ya fi rage wa ƙananan maciya saurin hayayyafa fiye da yadda yake rage wa tsirrai. Shi ya sa bayan hunturu ciyawa ke samun damar tsere musu ta cika ruwa. A Kiel, garin Hensen, an zuba ruwan Baltik a manyan tankuna aka ɗumama wasu. A masu ɗumin, masu gashi sun riƙa cim ma ciyawar da wuri.

35/ Me ya sa wannan zai dame mu? Duk matakin da abinci ya bi, yawancinsa na ƙonewa a hanya, kamar kayan da suka bi ta hannun dillalai da yawa. Idan ɗumi ya sa ƙarin abinci na zagayawa tsakanin ƙanana kafin ya kai kofifod, abin da zai isa ga kifi na iya raguwa. A ɗaya gefen kuma, 'ya'yan kifi sabbin ƙyanƙyasa na cin ƙananan maciyan kai tsaye. Shi ya sa ake son sanin wane iri ne ke ƙaruwa.

36/ Don ku ga cewa irin yana da muhimmanci, bari mu bar Turai mu leƙa gaɓar Oman a Tekun Larabawa. Can a da, dayatom ne ke cika ruwa a lokacin sanyi, kofifod su ci, kifi ya samu. Daga farkon shekarun 2000 wani ƙaton mai bulala, Noctiluca scintillans, ya fara ƙwace fagen. Shi ne mai sa teku walƙiya shuɗiya da dare, irin hotunan da kuke gani kuna cewa masha Allah.

37/ Nau'insa na can kore ne, don yana ɗauke da ƙananan tsirrai a cikinsa suna haɗa masa abinci, kuma yana haɗiye wasu halittun. Ci biyu ke nan. Ya yi wa yawancin kofifod girma, masu cinsa sun fi yawa cikin halittu masu jiki kamar kitsen ruwa. A 2014 Helga Gomes da abokan aikinta suka danganta yaɗuwarsa da ruwa mai ƙarancin iskar shaƙa da ke tasowa sama. Masuntan yankin ne ke biyan kuɗin.

38/ Mu dawo kan kwalin mai kifi. Tsakanin hasken rana a Tekun Arewa da titus ɗin da ya shiga miyata akwai halittun da ba wanda ya taɓa gani da ido. Ɗan abin da muka sani game da canjinsu, mun san shi ne saboda wasu mutane sun yarda su zauna gaban madubi shekara da shekaru suna ƙirga abu ɗaya, har da shekarun da ake ce musu aikin ba shi da amfani.

39/ Abin da ya tsaya min a rai: awon da ba a yi a 1960 ba, duk kuɗin duniya ba zai sayo shi yau ba. Masu gashin da suka fashe a silikin Hardy sun tafi da labarinsu. Don haka ɗalibin da aka ba ƙidaya a dam ɗin garinsu yana ganin wahala ce, don Allah ka rubuta kwanan wata da wuri da irin ragar da ka yi amfani da ita, ka adana. Wani zai nema bayan shekara 40.

40/ Nan zan tsaya, hannu ya gaji 😅. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi su da daddare in sha Allah. Wanda ya ƙaru ya tura wa wani.